Lissafin albasa a kwamfutar Baffa

Wani matashi daga Kware ya rubuto cewa shi ke kula da kwamfutar baffansa, manomin albasa a fadama. A ciki suke rubuta kuɗin taki, ladan 'yan ƙwadago, buhunan da aka zuba a rumbu da bashin da ake bin dillalai. Kwamfutar ta ƙi tashi, mai gyara ya ce faifan ajiyarta ya mutu. Yana tambaya wace manhaja zai saya ta dawo da lissafin.

Ɗana, riƙe kuɗinka. Irin waɗannan manhajoji suna tono abin da aka goge ne daga faifai mai rai. In naka yana ƙara ƙas-ƙas idan an kunna, daina kunna shi, domin kowace kunnawa tana ƙara ɓarna. Sai dai ƙwararren da ke buɗe faifai, kuma aikinsa na da tsada. Tun dillalai ba su ji labari ba, ku zauna da Baffa ku rubuta abin da ya tuna.

Wannan kuskuren ya ishe ni ji. Baffanka ba zai taɓa zuba duk irin da zai shuka baɗi a tukunya ɗaya ba, amma lissafin da ya fi irin daraja an bar shi wuri guda. Ka yi kwafi uku. Ɗaya a kwamfutar, ɗaya a filashi, ɗaya a intanet. Duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta a Google Drive, kuma lissafin gona na shekara da shekaru a Excel ba zai ci ko ɗaya daga ciki ba. Filashin kuwa kada ka bar shi maƙale a jikin kwamfuta. Ƙwayar cutar da ta kama ta ko wutar da ta ƙona ta ba za ta ƙyale shi ba. Ka kwafa, ka zare, ka ajiye a wani gida dabam, saboda gobara da ruwan damina ba sa zaɓen ɗaki. Ka tsayar da rana, misali kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin cire albasa kuma kullum da yamma. Bayan ka kwafa ka buɗe ka gani da idonka, don mutane da yawa sai ranar buƙata suke tarar da filashi wayam. Lissafin bashi kuma a buga shi a takarda, dillali ya sa hannu. Dattijo ya fi yarda da abin da ke aljihunsa, kuma yana da gaskiya.

Daga Wurno wani ya ce tururuwa da kyankyasai sun shige kwamfutar yayansa, ko ya fesa mata ragowar maganin albasa? Haba malam! Ruwan magani zai ci wayoyin ciki, ka yi asarar magani da kwamfuta tare. Na kusan tabbata a ɗakin da ake ajiye gero da wake take, ko ana cin abinci a gabanta. Fitar da ita daga nan. Akwai ma abin da ya fi ƙwarin haɗari a irin wannan ɗaki: ƙwayar Phostoxin da ake jefawa cikin buhun wake. Iskar da take fitarwa tana cin tagulla, kuma hanyoyin wutar kwamfuta na tagulla ne. Ita wannan iskar tana kashe mutum ma, don haka ba a sa ta a ɗakin kwana ko wanda ke manne da shi. Wake na gida a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam, ba sai an sa magani ba. Kwamfutar kuma a cire ta daga wuta, a buɗe, a hure da busasshiyar iska, musamman bayan ƙurar hunturu, kafin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya same ta da fanka a toshe.

Wata 'yar'uwa daga Goronyo ta ce tallace-tallace sun addabi kwamfutar mahaifinta, har da mai alkawarin tallafin taki in an saka lambar BVN. Kada a saka. Yara ne suka girka ƙananan manhajojin da ke liƙe wa Chrome, manhajar shiga intanet, wasunsu kuma suna iya karanta duk abin da ake rubutawa. Danna ɗigo ukun da ke sama ta dama, shiga Extensions, goge duk wadda ba ki san amfaninta ba, sannan ki canza kalmomin sirri. Shafin da ya ce a sauke Flash Player ƙarya yake, an daina shi tun ƙarshen 2020.

Mai tambaya daga Illela ko zai ci gaba da amfani da kwamfuta mai Windows 7, tsohuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta: Microsoft ta daina yi mata gyaran tsaro a Janairun 2020, Windows 10 ma a Oktoban 2025, saboda haka rubuta lissafi a kai, amma kada ka shiga asusun bankinka ta intanet da ita.

Mai son jona kwamfuta kai tsaye da ƙaramin janareto: sa UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta, a tsakani.