Wane Makulli Ne Zai Daɗe a Kabad ɗin Kicin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidan haya muke, kicin ɗaya muke amfani da shi mu uku. Cikin shekara guda na sayi kwaɗo uku, biyu sun yi tsatsa, na ukun mabuɗin ne ya karye a ciki. Ga yara ba sa barin sukari da madara. Wane iri zan saya in huta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki sake kai kuɗinki kasuwa, dubi marfin kabad ɗin tukuna. A aikina na kafinta, mafi yawan kabad da ake kirana in gyara, kwaɗon na nan lafiya lau a rataye, katakon ne ya saki. Idan marfin na MDF ne, wato garin katako da aka matse da gam, ruwa na taɓa shi zai kumbura ya yi laushi kamar biredi, yaro ɗan shekara bakwai ma ya ja da ƙarfi sai ƙusoshin su fito da garinsu. Ki ce wa kafinta ya huda marfin har baya, ya sa noti da washa ta ciki. Shi kuma ƙarfen da ake rataya kwaɗon, a zaɓi wanda in an rufe yake ɓoye kawunan ƙusoshin. In suna waje, mai sukundireba ba ya bukatar mabuɗinki.

Sai maganar tsatsa. Kicin wuri ne na tururi, gishiri da maiƙo, baƙin ƙarfe ba ya jure su, balle da damina. Ki nemi kwaɗo mai jikin tagulla zalla, ko ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda wani lokaci za ki ga an buga masa 304. Matsalar ita ce da yawa fenti ne kawai launin zinare. Ki tafi da ɗan maganaɗisu, irin na tsohuwar sifika ma ya isa, ki manna a jikin kwaɗon, ba a lanƙwasasshen ƙarfen sama ba, domin shi dama ƙarfe ne. In ya kama, ba tagulla ba ce. In bai kama ba amma kwaɗon shafal yake a hannu, mai yiwuwa tutiya ce, ita ma kada ki saya. Mai faɗin milimita 40 ya wadatar, wanda ya fi haka nauyinsa zai riƙa karkata marfin.

Akwai kuma makullin da ake dasawa a jikin marfin, mai ɗan harshe da ke juyawa ta baya. Ya fi kyan gani, ba ya ƙwanƙwasa katako duk sanda aka buɗe. Sai dai a auna kaurin marfin kafin a saya: yawancin na zamani milimita 18 ne, shi kuma makullin yana zuwa da tsawo daban-daban, 16, 20, 25 har 30. Gajere ba zai kai ba, dogo zai riƙa lilo. Amma tunda kicin ɗin na haɗaka ne, ga abin da na fi so ki kula da shi: masu arha sau da yawa mabuɗinsu iri ɗaya ne. Tun a shago ki ɗauki mabuɗin wani daga kwalin ki gwada a naki. In ya buɗe, to maƙwabciyarki ma tana iya samun irinsa ba da niyya ba.

Karyewar mabuɗi kuwa, galibi murɗawa da ƙarfi ce bayan ciki ya cije. Kada ki ɗiga man gyaɗa ko manja, ƙurar hunturu za ta haɗu da shi ya zama danƙo. Goga bakin fensir a haƙoran mabuɗin, ki sa ki cire sau huɗu ko biyar, zai saki.

In kuɗin na makulli ɗaya ne mai kyau, ni dai ba kabad ɗin sukari zan fara kullewa ba. Inda kike ajiye fiya-fiya, kalanzir da ruwan wanke banɗaki, can zan sa shi, musamman in kalanzir ɗin a gorar lemo yake.