Amsa ga maman yaron da kilo ɗinshi ya ƙi sauka

Assalamu alaikum ƴan uwa. Hajiya tun jiya da dare na ga tambayarki, kin ce yaronki shekararshi 14 kuma yana da jiki sosai, an gwada jininshi da safe kafin ya ci komi an samu sukari gram 1,12 a kowace litar jini, lokotoro ya ce bai kai ciwon sukari ba tukuna amma insulin ɗinshi, wato sinadarin da ke kwashe sukari daga jini, ba ya aiki yadda ya kamata, sai ya riƙa motsa jiki. Yau sati uku yana gudu kilo ko ɗaya bai sauka ba, shi ne kike tambaya ko wahala kawai yake sha ku bari. Don girman Allah kar ku bari. Ni na bi ta hanyar nan da ɗiyata, ba lokotoro ba ce ni, uwa ce kamar ke, amma shekara biyu ke nan ina cikin abin nan.

Mu abin ya faro ne daga wuya. Tana shekara 13 na ga bayan wuyanta ya yi baƙi ƙirin ya yi kauri, da hammatarta ma, na ɗauka datti ne. Na sa soso da sabulu na dirje har fatar ta yi ja tana kuka, ina ta faɗa wai ba ta iya wanka ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Sai da al'adarta ta fara tsallake wata biyu wata uku muka tafi asibiti, lokotoron na ɗaga hijabin ya ga wuyan ya ce Hajiya wannan ba datti ba ne, alama ce insulin ya yi yawa cikin jini. Ki duba wuyan yaronki, in haka yake kar ki dirje.

Ga yadda aka fahimtar da ni. In mutum ya ci tuwo ko shinkafa ko burodi ko ya sha fura mai sukari, duk sukari suke komawa cikin jini. Akwai wata ƴar gaɓa bayan tumbi ana ce mata pankireyas, ita ke sako insulin, shi kuma aikinshi buɗe ma sukarin ƙofa ya shiga tsoka. Kuma tsokar jiki ita ce babbar mai karɓa, wajen kashi uku cikin huɗu na sukarin da insulin ke kwashewa daga jini can yake zuwa. To in kitse ya taru a ciki da kan hanta, ga zama wuri ɗaya, sai ƙofar ta fara gardama, pankireyas ta yi ta ƙaro insulin don a samu ta buɗe. Tana iya shekaru tana wannan wahala gwajin jini na fitowa kusan daidai, ranar da ta gaji sai ki ga lambar ta kai 1,26 ko ta wuce, in an maimaita gwajin haka ya sake fitowa to ciwon sukari ya zauna. Yaronki yana 1,12, wato yana bakin ƙofa bai shiga ba, yanzu ne lokacin aiki.

Ga kuma balaga. Ko yaro siriri ne, in ya shiga shekarun nan jin insulin na jikinshi yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku saboda sinadarin girma, sai ya gama girma abin ya koma daidai. Mai ƙiba kuwa kaya biyu ya ɗauka lokaci guda, shi ya sa 13, 14, 15 ɗin nan suke da hatsari.

Yanzu maganar kilo, wadda ita ce ta dame ki. Ni ma ita ta kusa sa na karaya. Wata guda muna fita, kullum sai na sa ta hau kilo a farmasi, lamba na nan inda take, ita kuka ni fushi. Ashe amfanin motsa jiki ba ta kan kilo yake fara nunawa ba. Tsoka in tana aiki tana jan sukari da kanta ko ba insulin, wata hanya ce daban da motsin kanshi ke buɗewa. Bayan an gama kuma ta ƙone ajiyar da ke cikinta, kamar randar da aka kwashe, duk ruwan da ya zo sai ta karɓe, insulin kaɗan ya ishe ta. Kitsen ciki da na hanta yana raguwa, tsoka tana ƙaruwa, sai ki ga kilo ya tsaya cak alhali cikin jikin ya canza. Mu zani ne ya fara gaya mana gaskiya, da siket ɗin lakwal da ya fara zamewa daga ƙugu.

Amma fa ki riƙe wannan da kyau, alherin fita ɗaya kwana ɗaya zuwa biyu yake yi a jiki, in ya daɗe uku, daga nan ya tafi. Don haka yaro ya buga balo awa uku ran lahadi ya kwanta sauran kwana shida da waya a hannu, wannan bai yi ba. Kar a bari kwana biyu su wuce a jere bai yi gumi ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu minti 60 kowace rana, da aikin ƙarfafa tsoka sau uku a sati. Ba dole a yi shi tashi ɗaya ba, ana iya rarrabawa.

Mu da minti 15 muka fara wallahi, don ko kwanar layinmu ba ta kaiwa sai haki. Bayan sallar asuba nake sa hijabi mu fita tare cikin unguwar Lazare kafin rana ta ɗaga, kin san watan huɗu da na biyar nan Yamai zafi na wuce 40, ba mai hankalin da zai tura yaro mai jiki gudu da azahar. Ran asabar babanta ya kai mu filin Seyni Kountché mu zagaya tare da masu tafiyar safe, can ne ta ga manyan mata masu jiki suna yi ba mai kallon wani, kunyar ta fita. Na daina biya mata taksi zuwa lakwal. Na sayo igiyar tsalle tana yi cikin gida. Kai har turmi na sauko da shi, dakan gero na fura ita ke yi, mu da muka tashi Tawa da daka da jan guga wa ya san wannan ciwo a yarinta? Da dare in an ci tuwo ba kwanciya, minti 10 ko 15 na zagaya tsakar gida, wannan yana hana sukarin hawa sama sosai bayan abinci.

Naki namiji ne abin ya ma fi sauƙi. In gudu na sa mishi ciwon gwiwa, ya koma tafiya mai sauri wadda zai iya magana amma ba zai iya waƙa ba, ya haɗa da balo da abokai, keke, ko kokowa in yana so, ya riƙa tsugunna-tashi da ɗaukar bidon ɗin ruwa. Abin da yake jin daɗi shi zai ɗore. Ya sha ruwa sosai kafin da bayan.

Sai abin sha, don nan muka fi shan kashi. Gwangwanin Coca ɗaya na 33 cl yana da sukari gram 35, ga bisap da lemun leda da ake siya bakin lakwal, ga shayin fada da samari ke sha na farko na biyu na uku kowane da sukari tuli. Ki bincika me yake sha a waje. Ban hana ɗiyata tuwo ba, na dai rage malmala na ƙara miya, wake, zogale, kifi, kuma gidan gaba ɗaya muka canza don kar a ware ta ita kaɗai. Kuma don Allah a hana ƴan uwa tsokana, masu kiran yaro buhu ko giwa, hakan ɗaki yake tura shi ba fili ba. Wayar dare ma a karɓe, rashin barci shi ma yana lalata aikin insulin.

Wata na huɗu muka koma gwaji lambar ta sauko ƙasa da 1, kilo biyu kacal ta rage a lokacin. Al'ada ta daidaita daga baya, wuyan shi ne ya fi daɗewa, kusan shekara kafin ya washe. Ki koma wajen lokotoronku ranar da ya ba ku, ki auna ƙugun yaron da igiyar awon tela yau ki rubuta ki ajiye. In kuwa kin ga ƙishirwa ta yi yawa, yana tashi fitsari sau da yawa da dare, ko yana ramewa ba dalili, kar ki jira ranar, ku tafi asibiti a ranar nan. Allah ya ba shi lafiya, ki gaishe min da shi.