Hasumiyar da ke cikin hoton kakanmu: Katsina ce ko Timbuktu?

Tambaya: Malam, bayan rasuwar kakanmu mun tsinci wani tsohon hoto marar kala a cikin adakarsa. Yana tsaye da wasu mutum biyu a gaban wata doguwar hasumiyar ƙasa wadda itatuwa suka fiffito a jikinta, ga raƙumi durƙushe a gefe. Baffana ya ce Gobarau ce ta Katsina, gwaggona kuma ta dage a kan Timbuktu ce. Yaya ake gane wuri daga hoto kawai?

Amsa: Allah ya jiƙan kakanku, ya sa ya huta. Daga kwatancen da ka yi, zuciyata ta fi karkata ga wani gari na uku da ba a ambata ba a gardamar gidanku, wato Agadas, amma gara in nuna maka hanyar da na bi domin ka auna da kanka.

Itatuwan nan su ne suka fara fitar da Gobarau daga lissafi. Hasumiyar Katsina, mai tsawon kimanin mita 15, gini ne mai kauri da ke tashi hawa-hawa, kuma jikinta ba ya da jerin itatuwa irin na masallatan bakin Sahara, inda magina suke barin su da gangan domin su taka su hau idan lokacin sabunta yaɓe ya yi. Saura ke nan a raba tsakanin Timbuktu da Agadas, kuma a nan siffa da tsawo ne alƙalai. Hasumiyoyin masallatan Jingarebar da Sankore na Timbuktu gajeru ne masu faɗin gindi, kamar an danne su daga sama. Ta Agadas kuwa siririya ce mai kusurwa huɗu, tana tsukewa a hankali har ƙololuwa, ta kai mita 27, kuma ita ce aka sake ginawa a 1844 a masallacin da asalinsa ke komawa wajen 1515. Idan akwai wanda ke tsaye daf da gindinta a hoton, ɗauki tsinke ka auna tsawonsa, sannan ka ƙirga sau nawa zai shiga cikin tsawon ginin. In ka sami wajen goma sha biyar ko sha shida, to Agadas ce. Kada dai ka auna da mutanen da suka matso kusa da mai ɗaukar hoto, domin kusanci yana ƙara musu girma.

Raƙumin ba shaida ba ne, tun da ayarin gishiri ya ratsa dukan garuruwan nan uku.

Abin da nake yawan jan hankalin mutane a kai shi ne su daina ƙura wa ginin ido shi kaɗai, domin salon gini yana tafiya tare da magina, zanko (ƙahonnin ado na saman bango) da bakan gizo (lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin ɗaki) da ka gani a Zariya za ka same su a Damagaram. Abin da ba ya ƙaura shi ne dutse. Dala da Goron Dutse suna tona asirin Kano ko da daga nesa aka hango su, manyan duwatsun da gidaje suka kewaye a unguwar Birni kuwa na Damagaram ne. Sai kuma ƙananan abubuwan da mai hoto bai ma lura da su ba: allon shago da Faransanci, hular ɗan sanda, ko hannun da mota take bi. Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama a Afrilun 1972, Gana a 1974, saboda haka motocin da ke bin hagu suna ba ka ƙasa da zamani a lokaci guda.

Manhajojin waya masu gane abin da ke cikin hoto, irin su Google Lens, suna taimakawa, sai dai sukan gauraya gine-ginen ƙasa na yankinmu, don haka ka ɗauki amsarsu a matsayin zato da ke jiran hujja. Kafin ma ka kai ga waya, juya bayan hoton ka duba ko akwai hatimin mai ɗaukar hoto ko ɗan rubutun ajami, sannan ka zauna da gwaggonka ka tambaye ta fataucin me kakanku ya yi, da kuma hanyar da ayarinsu yake bi.