Amsa: zamiya a kan ƙanƙara da tuƙin kwalekwale a Suwidin

Malam, ka ce abokan karatunka a Suwidin sun gayyace ka zamiya a kan daskararren tafki da tuƙin kwalekwale, kana tambaya ko da haɗari. Akwai kam.

Kada ka hau sai kaurin ƙanƙara ya kai santimita 10, kuma a riƙa gwada ta da sanda mai tsini, don ta fi rauni ƙarƙashin gada da mashigar kogi. Rataya ƙusoshin ceto a wuya, wato ƙusoshi masu mariƙi da ake cakawa a ƙanƙara. Idan ta rufta da kai, juya ta inda ka fito ka ja jiki da su.

A kogi kuwa sa rigar ceto ko da ka iya iyo, ruwan sanyi na ɗauke numfashi nan take. Kada ka je kai kaɗai, fara da ƙungiya mai jagora. Lambar gaggawa 112 ce.