Jarumina Ya Mutu Sau Uku, Ko a Jikin Ƙawata

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ina rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 16 da ya faɗa cikin gem ɗin kwamfuta, yana yaƙar dodanni yana hawa mataki-mataki. Na bai wa ƙawata babi biyar ta karanta, sai ta ce jarumin ya mutu sau uku ko a jikinta, tunda ta san zai tashi. To ai haka gem yake. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Ƙanwata, ƙawarki ta faɗa miki gaskiya, ki riƙe ta da kyau. Mai buga gem yana jin zafin faɗuwa domin shi ya kwashe sa'o'i yana fama kafin ya kai wurin. Mai karatu bai yi asarar komai ba. In yaron ya mutu ya tashi da takobinsa da makinsa cif, me zai sa gaban wani ya faɗi?

Marubutan da suka riga ki sun ci karo da wannan matsala. Reki Kawahara na Japan, a littafinsa Sword Art Online da aka buga a 2009, ya kulle mutum 10,000 cikin wasa mai hawa 100, wanda duk ya mutu a ciki hular shiga wasan da ke kansa ta kashe shi a zahiri. Dabarar ta yi aiki, sai dai an kwaikwaye ta har ta gundure ni, kuma tana ɗaure hannun marubuci: daga nan jarumi ba shi da damar faɗuwa ko sau ɗaya, mai karatu ma ya sani.

Na fi son abin da Conor Kostick, ɗan ƙasar Ireland, ya yi a littafinsa Epic a 2004. A duniyarsa an haramta faɗa da hannu, shari'a da neman arziki duk cikin wasan ake yi. In halittar da kake wasa da ita ta mutu, kai kana nan da ranka, amma abin da ka yi shekaru kana tarawa ya tafi, ka koma farko. Mutum na iya faɗuwa, labari ya ci gaba, ciwon kuma yana nan. Wannan ita ce ƙofar da nake so ki leƙa.

Saboda haka ki tambayi kanki me yaron ya bari a waje. Jikinsa yana ina sa'ad da yake sarar dodanni? Wa ke zaune kusa da shi yana jira? Kina iya sa duk mutuwa ta ci masa wani abu da ba ya dawowa: kwana guda na rayuwarsa ta waje, ko wani abu da yake tunawa game da mahaifiyarsa. A mutuwa ta uku ya tashi ya kasa tuno muryarta. Ki ga ko ƙawarki za ta sake cewa ko a jikinta.

Ki rubuta dokokin wasan a takarda daban, kada ki karya su don ceton jarumi in ya shiga tsaka mai wuya. Matasan da ke buga gem suna gane maguɗi nan take, ba sa yafewa.

Lissafin maki da ƙarfin makami kuwa, ki rage. Akwai masu son sa, har suna da rukunin littattafansu da ake kira LitRPG, amma layi biyu a ƙarshen babi sun isa. Ki gyara mutuwar farko tukuna, ki sake miƙa wa ƙawar taki kafin ki taɓa sauran babin.