Tambaya da Amsa: Wai yin lambu a harabar coci aikin ibada ne?

TAMBAYA: Salama Anti, da fatan kina lafiya. A bayan cocinmu akwai wani fili da ba a komai da shi sai zuba shara, to mu mata muka roƙa a ba mu mu yi lambu mu dasa itatuwa, abin da ya fito a raba wa gwauraye da marayu. Sai wasu dattawa suka ce wai wannan aikin gwamnati ne da ƙungiyoyi, mu dai mu riƙe addu'a. Abin ya tsaya min a rai, don Allah mun kauce hanya ne?
Daga wata mai karatu

AMSA: 'Yar'uwa ki kwantar da hankalinki, ba ku kauce ba ko kaɗan. Ai aikin farko da aka ba ɗan Adam kenan, ki duba Littafin Farawa 2:15, an sa shi a gona ne ya nome ta ya kuma kiyaye ta. A Littafin Firistoci an ce duk shekara ta bakwai a bar ƙasa ta huta, kuma in an yi girbi kar a kwashe tas, a bar kala saboda matalauci da baƙo. Kin ga tun can abincin talaka da lafiyar ƙasa tare suke tafiya.

Kuma ba ku kaɗai ba ne fa. A arewacin Habasha, wajajen tafkin Tana, in ka kalli ƙasa daga sama gonaki ne fetal babu inuwa, sai ka hango wani kurmi kore shar a zagaye, to a tsakiyarsa coci ne, masu ibada ne suka hana a sare itatuwan shekaru aru-aru har ya zama nan ne tsuntsaye da ƙudan zuma da tsofaffin irin itatuwa suka samu mafaka, da shanu suka fara cinye 'yan tsiron sai wani masanin daji Alemayehu Wassie ya haɗa kai da limaman aka kewaye wuraren da katangar dutse. Ni dai duk sanda na ga hoton nan sai jikina ya yi sanyi.

A Zimbabuwe kuma wani manomi Brian Oldreive ya yaɗa noman da ba a kifa ƙasa da garma, ba a ƙona kara, sai a lulluɓe gona da busasshiyar ciyawa da ganye, suna ce masa bargon Allah, majami'u da yawa sun ɗauka suna koya wa mutanensu. Ki gwada da kanki, ki ɗaga ciyawar da tsakar rana ki tura yatsa, za ki ji ƙasar da sanyi da damshi, har tana za ki gani, alhali gefen da yake tsirara ya bushe ƙamas. A 2015 Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙa guda a kan kula da duniya, sannan majami'u da dama suna ware 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba don addu'a saboda halitta. Maƙwabtanku Musulmi ma suna da hadisin cewa wanda ya yi shuka mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi, don haka ku gayyace su.

Batun dattawa kuwa, kar ku ja da su a taro, ku same su cikin ladabi, wataƙila tsoronsu kar lambu ya janye ku daga sujada ne ko a fara a watsar. Ku nemi ɗan gefe kawai na damina ɗaya, ku tsara wa zai yi ban ruwa ran kaza. Ku kuma fara da abin da ba ya cin ko sisi, wato ragowar abincin taro. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin duniya asararsa ake yi, alhali Yesu da ya ciyar da mutum dubu biyar cewa ya yi a tattara gutsattsarin kar komai ya lalace, aka cika kwando 12. Ragowar abincin taro mai kyau a kai wa mabukata tun da zafinsa, ɓawo da ganye a haƙa rami a zuba a rufe da ƙasa, leda kam a ware ta daban, bayan 'yan watanni kun samu taki. Kwandon farko da kuka tsinka ku kai wa dattawan nan su sa albarka, su raba da hannunsu.