Gutsuren tsohuwar waƙa da ya riƙe albam ɗin Big K.R.I.T.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa kiɗan rap, kuma daga tsofaffin faya-fayai nake yanko sauti, irin yadda mawaƙin rap na Amurka Big K.R.I.T. yake yi. Na ji cewa wannan ne ya hana albam ɗinsa na farko a kamfanin waƙoƙi na Def Jam fitowa a kan lokaci. Yanzu wani kamfani ya nemi waƙoƙina, hankalina ya tashi. Abokaina sun ce muddin abin da na yanko bai wuce daƙiƙa shida ba, babu komai. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Damuwarka tana da dalili, kuma abin da ka ji gaskiya ne. K.R.I.T., ɗan garin Meridian a jihar Mississippi, ya yi suna da tarin waƙoƙinsa mai suna K.R.I.T. Wuz Here a 2010, Def Jam ta ɗauke shi a shekarar. An sa ran fitowar albam ɗin, Live from the Underground, a Satumban 2011, amma sai 5 ga Yunin 2012 ya fito, saboda neman izinin sautukan da ya yanko. Ya shiga jerin Billboard, na albam ɗin da suka fi kasuwa a Amurka, a matsayi na 5. Lokacin da yake raba waƙa kyauta a intanet ba wanda ya tsaya binsa. Da kuɗi ya shigo, lauyoyi suka farka.

Maganar daƙiƙa shida kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma abin takaici kullum sai an ji ta. Wani ya ce shida, wani bakwai, wani ya ce idan ka sauya saurin kiɗan shi ke nan ya zama naka. Tambaye su a wane sashe na doka aka rubuta, sai su yi shiru. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Bridgeport Music da Dimension Films, kan sautin gita na kusan daƙiƙa biyu daga waƙar ƙungiyar makaɗa ta Funkadelic, wanda ya shiga wani fim na kamfanin mawaƙin rap Master P. An rage masa kaifin sauti, an maimaita shi, da ƙyar kunne ke gane shi, duk da haka kotun ta ce sai da izini. Na san a 2016 wata kotun ta saɓa mata a shari'ar Madonna, amma ita ma ba ta ƙayyade adadin daƙiƙoƙi ba. Babban kamfani ba zai yi caca da saɓanin kotuna ba, domin dokar Amurka ta ba da damar diyya har dala 150,000 kan kowane aiki da aka ɗauka da gangan. Masu ba ka wannan fatawa a situdiyo ba za su biya maka ko sisi ba ranar da takardar lauya ta iso.

Izini biyu ake nema kan kowane gutsure: na mai faifan da aka naɗa, da na mai haƙƙin rubutun waƙar. Na farko yakan karɓi kuɗi a dunƙule, wani lokacin da kaso a kai. Na biyu yakan nemi rabo a mallakar sabuwar waƙarka, har rabi ko fiye. Kowannensu yana iya cewa a'a ba tare da ya ba da dalili ba. Idan mai waƙar ya rasu, magada suna rigima, sai a yi watanni.

Kafin ka sa hannu, rubuta kowane gutsure: sunan waƙa, mintin da ka yanko, tsawonsa, da sau nawa ya maimaitu. Kada ka ɓoye ko ɗaya, domin yarjejeniyar takan ɗora maka biyan duk asarar da ta biyo baya. Ka duba kuma wa zai biya kuɗin izinin. Galibi daga rabonka ake cirewa, kamar kafin alƙalamin da suka ba ka. Inda mai faifan ya ƙi, ka ɗauki makaɗa su sake buga wurin, sai ya rage izinin mai rubutun waƙar kaɗai.